Likita ya rubuta LAM da alamar tambaya, uwar mijina kuma ta ware mini kofi

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan Gombe, shekarata 31, ina da aure da 'ya ɗaya mai shekara uku. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da haki. Da can sai na yi shara ko na ɗauko bokitin ruwa, yanzu ko bayani na tsawaita a aji sai na dafa tebur na huta. An ce asma ce aka ba ni abin shaƙa, bai yi mini komai ba. An gwada kakina sau biyu ba a ga tarin fuka ba, amma aka ɗora ni a kan maganinsa na sha wata shida cur. Bara da azumi ina cikin wanke-wanke na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙirji ta dama, a asibiti aka ce huhuna ne ya sace, aka sa mini roba ta haƙarƙari kwana biyar. Bayan wata bakwai ya sake. Wannan karon wani likita ya sa aka yi mini hoton ƙirji na siti-sikan, ya ce huhuna duka biyun cike suke da ƙananan ramuka, ya rubuta LAM da alamar tambaya, ya ce in je asibitin koyarwa. Har yau ban je ba, don na duba a waya na ga an ce ba ta da magani. Uwar mijina ta ware mini kofi da kwano, ta hana 'yata kwana a ɗakina. Gwaggona ta ce jifa ne, ta kawo mini maganin hayaƙi. Maigidana kuma yana son mu ƙara haihuwa, ya ce in daina ƙwayar tazarar da nake sha. Anti don Allah me zan yi?

Ƙanwarki daga Gombe.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi.

Bari in fara da yarinyar, don ita ta fi tsaya mini a rai. Ki dawo da 'yarki ɗakinki. LAM ba a ɗaukarta ta tari, ba ta kofi ba, ba ta shimfiɗa ba. In kuma tarin fuka Hajiya ke wa gudu, an gwada kakinki har sau biyu ba a gan shi ba, kuma kin sha maganinsa na wata shida har ƙarshe. Ta kowane ɓangare aka ɓullo, babu dalilin da yarinya 'yar shekara uku za ta kwana tana neman uwarta alhali uwar na gida ɗaya da ita.

Na san akwai ɗaci a ranki game da wata shidan nan, ƙwayoyi kullum da sassafe, fitsari ya koma ja, mutane na kallon ki a kaikaice, ƙarshe a ce ba shi ba ne. Ina jin ki. Amma ki duba yadda abin yake daga kujerar likita. A ƙasar nan tarin fuka ya yi yawa, kuma akwai masu shi da gwajin kaki ba ya nunawa. LAM kuwa, ƙididdigar da aka daɗe ana amfani da ita ta nuna mata 3 zuwa 8 ne cikin miliyan ɗaya aka gano suna da ita. Likita na iya fara aiki har ya yi ritaya bai haɗu da ko ɗaya ba. Ga shi hoton ƙirji na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna ramukan, sai ya fito kamar lafiya lau. Har a Ingila da Amurka mata kan yi shekaru ana ce musu asma ce kafin a gano. Saboda haka wanda ya ga huhun mace matashiya, marar shan taba, ya sace sau biyu, ya ce a'a, a yi siti-sikan, ya yi miki gata ba ƙarami ba. Alamar tambayar da ya sa kuma ba rashin sani ba ne. Yana cewa ne ga inda zatona ya fi ƙarfi, a je a tabbatar. Ni ma daga wasiƙa nake magana, ban saurari ƙirjinki ba, don haka duk abin da zan faɗa shiri ne na zuwa wurin likitan huhu, ba madadinsa ba.

Cikakken sunan cutar limfanjiyoleyomayomatosis, shi ya sa kowa ya haƙura da LAM. Kusan mata kaɗai take kamawa, galibi a shekarun haihuwa, daga ashirin da wani abu zuwa arba'in da wani abu. Abin da ke faruwa shi ne wasu ƙwayoyin halitta masu kama da na tsoka suna rasa birkinsu, saboda wata tangarɗa a ƙwayar gado da ake kira TSC2, wani lokaci TSC1. Sai su yi ta hayayyafa a hankali, su bi jini da magudanan farin ruwan jiki su zauna a huhu, su riƙa fitar da sinadarai masu cinye naman wurin. Ki ɗauki sabon soson katifa, ƙananan ƙofofinsa a tsuke, ki kwatanta da wanda aka yi ta tsakura da farce har ramuka suka cika shi. Iska na shiga ramukan amma ba ta amfanar jini, shi ne hakin da kike ji. In ramin da ke bakin huhu ya fashe, iska ta tsere zuwa tsakanin huhu da haƙarƙari ta danne shi, shi ne sacewar da ta kai ki asibiti da azumi. Kusan biyu cikin uku na masu LAM kan gamu da wannan, kuma wadda ya taɓa samu, ya fi yiwuwa ya dawo mata fiye da ya ƙyale ta.

To, ga inda nake so ki tsaya da kyau. Ramuka a huhu ba LAM kaɗai ke kawo su ba, kuma kowace cuta da tata hanyar. Likitan huhu zai yi miki tambayoyin da za ki ga kamar ba su da alaƙa da ƙirji, kada ki ji haushi, kuma kada kunya ta sa ki rage komai. Zai tambaya ko kin taɓa shan taba ko shisha, don akwai mai ramuka da ke bin masu shan taba. Zai tambaya ko a danginku akwai wanda huhunsa ya taɓa sacewa ko ya yi ƙari a ƙoda, don akwai ta gado mai suna Birt-Hogg-Dubé da ke yin haka. Zai tambayi bushewar ido da baki, zai kuma so a yi gwajin ƙanjamau, ba don yana zargin ki ko maigidanki ba, sai don akwai wata mai ramuka da ke rakiyar waɗannan. Zai iya tambayar ko sacewar huhun ta zo daidai da kwanakin al'adarki, musamman da yake ta dama ce, don akwai matan da hakan ke faruwa da su saboda wani dalili daban. Tun yau ki zauna ki tuna ranakun, ki kira mahaifiyarki ki yi mata tambayoyin dangi, ki rubuta a takarda.

Zai kuma duba fatarki, har fuska da farata. Dalili shi ne LAM iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa ita kaɗai, ba a gadonta kuma ba a gadar da ita ga 'ya'ya. Akwai kuma wadda ke zuwa tare da wata cutar gado da ake taƙaita sunanta da TSC, mai alamomi kamar fararen tabo a jiki masu siffar ganye, ƙananan ƙuraje masu tauri a gefen hanci da kumatu da ba sa jin maganin ƙurajen fuska, tsiro a gindin farce, ko farfaɗiya tun yarinta. A fatarmu baƙa fararen tabon ba sa ɓuya, sai dai sau da yawa an ɗauke su a matsayin tabon haihuwa an manta. In TSC ce, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gado, sai a duba 'yarki ita ma. In ba ita ba ce, kin huta da wannan fargabar.

Abin da zai sa ki ji sanyi shi ne mata da yawa ana tabbatar musu da LAM ba tare da an yanka su ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka da Japan suka fitar a 2016 da 2017 ta ce idan siti-sikan mai zurfin gani ya nuna ramukan nan zagayayyu masu siririn bango, warwatse a huhu biyun, sannan aka samu ƙarin shaida ɗaya, magana ta ƙare. Shaidar na iya zama TSC ɗin nan. Tana iya zama wani ƙari a ƙoda mai haɗe da kitse da tsoka da jijiyoyin jini, wanda ba daji ba ne, ana samun sa a wajen kashi ɗaya cikin uku na masu LAM mai zuwa ita kaɗai, kuma sau da yawa mai shi ba ta ma san yana nan ba. Tana iya zama ruwa fari kamar madara da ke taruwa a ƙirji ko ciki. Ko kuma gwajin jini mai suna VEGF-D ya kai 800 ko ya wuce. Wannan gwajin ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, akan aika jinin wani wuri, kuma in ya fito ƙasa da 800 bai wanke ki ba, kawai bai ba da amsa ba ne. Shi ya sa a wurinmu hoton ƙoda da ciki ya fi kusa da hannu, da shi ake farawa. Sai duk waɗannan sun yi shiru ne ake maganar gutsuro ɗan naman huhu a kai ɗakin gwaji, shi ma sai in amsar za ta canza abin da za a yi miki.

Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe da takardar da aka ba ki, ki ce likitan huhu kike nema. In ta kama a tura ki Bauchi, ko Jos, ko asibitin Aminu Kano, kada ki ɗauka an yar da ke ne. Cuta mai wuyar samu sai an haɗa kawuna. Wata 'yar shawara da na koya da wahala: ki tafi da hoton kansa, faifan ko fim ɗin, ba takardar bayani kaɗai ba. Na taɓa raka wata 'yar'uwata wani asibiti, muka yi sammako, muka bi layi har azahar, likita ya buɗe jakarmu ya ga takarda ɗaya tilo, ya ce ina hoton. Hoton na can gida a ƙarƙashin katifa. Sai da muka sake wani mako. Ki haɗa da katin maganin tarin fuka, da sakamakon kaki, da takardun kwanciyarki biyu. Za a sa ki hura iska a wata na'ura da iya ƙarfinki. Lambar da za ta bayar ita ce ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi duk bayan watanni, don a ga ko huhun na tsaye ko yana ja da baya. Ki nemi kwafinki ki adana. In kina cikin inshorar GoHealth ta wurin aiki, ki tambaya tun kafin ki fara biya.

Yanzu maganar da ta hana ki fita daga gida, wato ba ta da magani. Rabin gaskiya kika karanta. Ramin da ya riga ya samu ba ya cikewa, haka ne. Amma akwai maganin da ke taka wa cutar birki, sunansa sirolimus. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da aka samu a ƙasar wani tsibiri mai nisa a tekun Pasifik, Rapa Nui, kuma an daɗe ana ba wa waɗanda aka dasa wa ƙoda. A 2011 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna MILES da aka yi da mata 89 masu LAM: waɗanda suka sha shi huhunsu ya tsaya cak tsawon shekarar da suke sha, waɗanda ba su sha ba nasu ya ci gaba da raguwa, da aka dakatar da shi kuma raguwar ta dawo. Japan ta amince da shi don LAM a 2014, Amurka a 2015. Akwai rubuce-rubucen ban tsoro da ke yawo a intanet da aka yi tun kafin a fara ba masu LAM wannan maganin. Bin diddigin da aka yi daga baya ya nuna mata da yawa suna wuce shekara 20 da cutar suna rayuwarsu.

Sai dai kada ki ji sunan ki aika kemis. Ba kowace mai LAM ake ɗorawa a kai nan take ba. Akan fara ne idan ƙarfin huhu ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari na abin da ya kamata, ko yana raguwa da sauri, ko farin ruwan nan ya taru. Yana kawo gyambon baki, gudawa, hawan kitse a jini, yana kuma rage garkuwar jiki, wanda a wurin da tarin fuka ke yawo ba abin wasa ba ne. Ana auna yawansa a jini. Kuma ba ya jituwa da rifamfisin, ƙwayar nan da ta mayar miki da fitsari ja, don tana kore shi daga jiki. Saboda haka in wani ya sake cewa a maimaita miki maganin tarin fuka don hakin bai tafi ba, ki ce a nuna miki shaidar gwaji, kuma likitan huhunki ya sani.

Ki kuma tambaye shi batun manne huhu da bangon ƙirji. Aiki ne da ake yi don kada iska ta sake samun wurin taruwa, kuma ga mai LAM ana ba da shawarar yin sa tun sacewar farko. Ke kin yi biyu.

Sai maigida. Abin mamaki, a maganar ƙwayar nan ya yi daidai ta inda bai zata ba. Sinadarin mata da ake kira istirojin yana rura wutar LAM, kuma yawancin ƙwayoyin tazara da ake sha kullum suna ɗauke da shi. Ki ɗauki fakitin ki kai wa likita ko ma'aikaciyar tazarar haihuwa a wannan makon, ki ce ana zargin kina da cutar huhu da ba ta son istirojin, a sauya miki da hanyar da ba ta da shi. Sauyawa na ce, ba dainawa ki zauna haka ba. Domin ciki shi ne lokacin da wannan sinadarin ya fi yawa a jiki, kuma an ga huhu na sacewa a lokacin, numfashi na ƙara raguwa, ƙarin ƙoda in akwai shi yana iya girma ya zubar da jini. Ban ce ba za ki sake haihuwa ba. Akwai masu LAM da suka haihu lafiya, bayan an san ƙarfin huhunsu, an duba ƙodarsu, likitan huhu da na mata suna bibiyar su tare. Wanda nake ji miki tsoro shi ne cikin da za a ɗauka yanzu, cikin duhu, huhu ya sace sau biyu a shekara guda ba a ma san sunan ciwon ba.

Kada ki kai masa wannan maganar a matsayin kin ƙi. Na san yadda take sauka a kunnen namiji, balle in uwarsa na gefe tana ƙirga shekarun jikarta. Ki ce masa, Baban wance, ina so ka raka ni ka ji da kunnenka, don in na dawo na faɗa za a ce ni na ƙara gishiri. Ya zauna a gaban likita, a ɗaga masa hoton a haske ya ga ramukan da idonsa, ya yi tambayarsa ta haihuwa da bakinsa. Abin da mace za ta yi wata uku tana bayani a ɗaki, hoto ɗaya da farar riga kan gama shi cikin minti goma. Kuma shi ne zai je wa Hajiya da maganar kofi, ba ke ba. Ɗa ne zai ce, Hajiya likita ya ce ba a ɗauka, ta ji ta sauko ba tare da ta ji an kunyata ta ba. Ita ma fa tsoro ne ya sa ta, ta ga abin da tarin fuka ya yi wa mutane a zamaninta.

Gwaggo kuma ki yi mata godiya, ki karɓi addu'a hannu biyu, ki ci gaba da azkar ɗinki. Hayaƙin ne dai ba zai yiwu ba. Huhun da bangonsa ya yi siriri kamar fatar albasa ba a lulluɓe mai shi da bargo a kan garwashi, tarin da zai biyo baya kaɗai ya isa ya jawo matsala. Haka nan ki rage turaren wuta a rufaffen ɗaki, na san wannan da ciwo ga macen Gombe, ki turara kayan a waje a shigo da su. Girkin ice in da hali a koma gas, in babu a fito da murhu fili. Da hunturu ki sa takunkumi, a aji kuma ki bar wa yara shafe allo. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ki ajiye su, musamman in an fara miki magani. Ranar da tsayuwa ta gagara ki yi sallarki a zaune. Kada kuma ki kwanta ki ce kin zama majinyaciya, tafiya a hankali kullum tana ƙara wa jiki juriya.

Abu biyu ne ba a jira gari ya waye a kansu. In kika ji sukar nan a ƙirji ko kafaɗa tare da ɗaukewar numfashi, a tafi asibiti a lokacin, kuma tun daga bakin ƙofa a ce huhunta ya taɓa sacewa sau biyu. In kuma ciwo mai tsanani ya taso miki farat ɗaya a kwiɓi ko baya, da jiri ko jini a fitsari, a ce musu a duba ƙoda. Ki rubuta waɗannan a 'yar takarda ki sa a jakarki, maigida ya ɗauki hotonta a wayarsa. In akwai niyyar Umara ko wata tafiya ta jirgin sama, sai likita ya ɗauki hoto ya tabbatar huhun ya koma daidai tukuna.

Ranar Litinin ki nemi izini a wurin hedimasta, ki sa faifan hoton da fakitin ƙwayar a jaka tun daren Lahadi. In kin dawo ki rubuto mini abin da aka gani a ƙodar da lambar da na'urar hurawa ta bayar.

Antinki.